Idan Babu Mai Kallo, Shin Duniya Tana Nan?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne, kuma akwai abin da ya hana ni sukuni kwanan nan. Mun yi musu da wani abokina, ya ce duk abin da muke kira duniya ƙwaƙwalwarmu ce ke ƙaga shi: launi, sauti, zafi, har ƙasar da muke takawa. Ya ce ma masana kimiyya sun tabbatar cewa abu ba ya samuwa sai an kalle shi. Na ce masa wannan shirme ne, amma na kasa kawo hujja ko ɗaya. Shin akwai duniya a waje wadda ba ta dogara da ganinmu da jinmu ba? In akwai, yaya aka yi muka sani, tunda ba mu taɓa fita daga cikin kawunanmu mun leƙa ba?"

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada rashin hujjar ya dame ka. Na daɗe ina koyar da falsafa, kuma da wuya shekara ta wuce ban samu ɗalibi ɗaya da zai ɗauko irin matsayin abokin nan naka ba. Sauran 'yan aji su yi ta yi masa dariya, amma da zarar na ce to wa zai tashi ya rushe maganarsa, sai wuri ya yi tsit.

Tambayar taka igiya uku ce aka tufka wuri ɗaya, sai mun warware su. Ta farko: shin akwai abin da zai ci gaba da kasancewa ko da duk mai gani da mai ji sun ƙare? Ta biyu: in akwai shi, kamanninsa su ne waɗanda ido da kunne suke kawo mana? Ta uku: ta wace hanya muka sani? Amsata ga ta farko ita ce e. Ga ta biyu kuwa, ba ɗungurungum ba. Abokinka gaskiyar da ke cikin ta biyu ya ɗauko, ya je ya ajiye ta a gurbin ta farko. Ta ukun ita ce mai ƙashi a wuya, kuma jimlarka ta ƙarshe ta nuna ka riga ka gano hakan.

Inda abokinka ya yi gaskiya

Akwai gwajin da nake sa ɗalibai su yi a makon farko. Kwano uku na ruwa: ɗaya mai zafi daidai yadda hannu zai jure, ɗaya mai sanyi, ɗaya tsaka-tsaki. Ka tsoma hannun dama a mai zafi, na hagu a mai sanyi, ka yi kamar minti ɗaya, sannan ka haɗa su duka a kwanon tsakiya. Hannun dama zai ce maka ruwan nan da sanyi, na hagu ya ce a'a, da ɗumi. Ruwa ɗaya, mutum ɗaya, shaidu biyu masu karo da juna. Tsohon misali ne, John Locke na Ingila ya kawo irinsa tun ƙarshen ƙarni na 17.

Launi ma haka yake. Haske yana tafiya ne igiya-igiya, kuma idon ɗan Adam yana kama wanda tsawon zangonsa yake tsakanin nanomita 380 da 700 ko kusa da haka (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita). Abin da ya fi haka ko ya gaza, yana nan yana ratsa ɗakin da kake zaune, amma ba ka ganinsa. A cikin idonmu akwai ƙwayoyin tantance launi iri uku. Kare iri biyu gare shi. Ƙudan zuma kuwa suna ganin wani haske a jikin fure wanda mu ba ma gani. Kunnenmu yana jin girgizar iska daga 20 zuwa kimanin 20,000 a cikin daƙiƙa ɗaya, jemage kuwa yana farauta da sautin da ya zarce haka nesa. A shekarar 2015 hoton wata riga ya raba kan mutane a intanet, wasu na rantsuwa fara ce da ruwan gwal, wasu na cewa shuɗiya ce da baƙi, alhali hoto ɗaya suke kallo. Kuma a kowane ido akwai wani ɗan gurbi da ba ya gani sam, daidai inda jijiyar gani ta fita zuwa ƙwaƙwalwa. Ba ka taɓa lura da ramin ba saboda ƙwaƙwalwa tana cike shi da abin da ke kewaye, ba tare da ta yi shawara da kai ba.

Wannan ba sabon sani ba ne. Ibnul Haisam, wanda ya yi aikinsa a Alƙahira kimanin shekara dubu da suka wuce, ya nuna cewa haske ne ke shiga ido daga abin da ake kallo, kuma gani ba ya cika sai da wani hukunci mai sauri da hankali ke yankewa, wanda mai gani bai ma san an yanke ba. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ba da labarin yadda ya tuhumi idonsa: ka kalli inuwa ka gan ta a tsaye cak, bayan awa ɗaya ka tarar ta matsa, ka kalli tauraro ka gan shi ɗan mitsitsi kamar dinari, lissafi ya ce ya fi ƙasa girma. Daga nan ya tuhumi hankalin kansa, ya ce mai barci ma yana gaskata mafarkinsa sai ya farka, to wa ya ba shi tabbacin babu wata farkawar a gaba? Ya ce ya yi kusan wata biyu a cikin wannan hali, kuma ba jerin hujjoji ne suka fitar da shi ba, haske ne da Allah ya jefa a ƙirjinsa. Bayan fiye da shekara 500, a 1641, René Descartes na Faransa ya bi kusan wannan turba ta mafarki.

To mun yarda "gani ya kori ji", amma shi ma ganin akwai mai korarsa. Har nan ni da abokinka tafiyarmu ɗaya.

Tsallen da ya yi

Locke, da masanin kimiyyar nan na Italiya Galileo kafin shi, sun raba siffofin abu gida biyu. Akwai waɗanda suke a jikin abin da kansa, kamar girma da siffa da motsi da adadi. Akwai kuma waɗanda ba sa tashi sai abin ya haɗu da mai ji, kamar launi da ɗanɗano da ƙamshi. A wannan rabon, in bishiya ta faɗi a dajin da babu kowa, iska za ta girgiza, amma "rugum" ɗin da kunne ke ji bai auku ba, domin babu kunnen.

Sai George Berkeley, wani malamin coci ɗan ƙasar Ayalan, ya zo a 1710 ya ce ai wannan rabon ba zai tsaya ba. Girma da siffar ma da me ka san su? Da ido da hannu, wato da kayan aikin da ka gama tuhuma. Ka cire launin dutse, ka cire taurinsa da sanyinsa da nauyinsa, duk abin da ake ji, me ya rage? In ka ce wani abu ya rage wanda ba a gani ba a taɓawa, to sunan banza kake kira. Saboda haka, in ji shi, samuwar abu ita ce a riske shi.

Kada ka raina wannan hujja. An ruwaito cewa marubucin nan na Ingila, Samuel Johnson, da aka ce masa maganar Berkeley ba ta rusuwa, sai ya kai wa wani ƙaton dutse shuri ya ce ga yadda ya rushe ta. Kusan duk ɗalibaina nan suke fara zuwa: su bubbuga tebur. Amma zafin da yatsan Johnson ya ji, ai shi ma ji ne. Berkeley bai taɓa cewa dutse ba ya da tauri ba. Cewa ya yi taurin wani abu ne da ake ji.

Sai dai ga abin da masu ɗauko sunan Berkeley suke mantawa. Shi kansa bai ce duniya ta rataya a kan ganin ɗan Adam ba. Da aka zo kan abin da ke riƙe ɗaki bayan kowa ya fita, amsarsa ita ce Allah yana riskar komai a kowane lokaci. Ka ga ke nan ko babban jagoran wannan ra'ayi sai da ya nemo abin da ke wajen kawunan mutane don ya riƙe tsarin duniya. A ɓangaren malaman tauhidi kuwa, Imam Nasafi ya buɗe sanannen matanin aƙidarsa da cewa haƙiƙanin abubuwa tabbatattu ne kuma saninsu mai yiwuwa ne, saɓanin ra'ayin Sufasɗa'iyya, wato masu jayayya da haka. Taftazani da ya zo sharhi ya kasa waɗannan kashi uku: masu musun akwai haƙiƙa kwata-kwata, masu cewa haƙiƙa tana bin abin da mutum ya ƙudurce, da masu cewa ba mu sani ba. Abokinka yana cikin kashi na biyu, ko ya sani ko bai sani ba.

Abin da ya sa nake cewa tana nan

Ba ni da hujja guda wadda za ta rufe bakin kowa. Abin da nake da shi tarin abubuwa ne waɗanda in babu duniya a waje, sai sun zama abin al'ajabi marar bayani.

Mu koma kwanon ruwan nan. Bayan hannaye biyu sun yi gardama, nakan ɗauko ma'aunin zafi in tsoma. Ya ba da lamba ɗaya. In kira ɗalibi na biyu da na uku su karanta, lambar dai ita ce. In kawo wani ma'aunin da aka ƙera ta wata hanya dabam, ya faɗi kusan abu ɗaya. Kuma mun san dalilin saɓanin hannayen: fata ba ma'auni ba ce, tana ba da rahoton ko zafi na shiga ne ko yana fita. Lura da kyau, kalmar "kuskure" ba ta da ma'ana sai in akwai daidai. Gazali ya kama idonsa da ƙarya a kan inuwa ne saboda inuwar ta matsa da gaske. Duk misalan ruɗin ido da abokinka zai jero, an gano su ne ta hanyar auna su da wani abu da bai ruɗu ba.

Na biyu, duniya tana aiki a bayan idonmu. Kunna kyandir a ɗaki, ka rufe ƙofa, ka tafi da makulli. Ka dawo bayan awa biyu, za ka tarar ya ragu daidai gwargwadon awa biyu. Wa ya ci gaba da lissafin narkewarsa lokacin da babu mai kallo? In ƙwaƙwalwarka ce, to ta iya lissafin da kai ba ka iya ba, kuma ta haɗa baki da ƙwaƙwalwar duk wanda zai shiga ɗakin.

Misalin da na fi so shi ne na duniyar Neptune, ɗaya daga cikin duniyoyin da ke kewaya rana. Masana taurari sun lura duniyar Uranus tana kaucewa kaɗan daga hanyar da lissafi ya zana mata. Wani Bafaranshe, Urbain Le Verrier, ya zauna da alƙalami ya lissafa cewa lallai akwai wata duniyar da ba a taɓa saninta ba tana janta, ya faɗi inda za a duba. Ranar 23 ga Satumba 1846, Johann Galle ya juya madubin hangen nesa a Berlin zuwa wurin, ya same ta. Tana jan maƙwabciyarta tun kafin kowa ya san da ita. Haka ɓangaren wata da ke ba mu baya: babu ɗan Adam da ya san kamanninsa sai da kumbon Tarayyar Sobiyet mai suna Luna 3 ya ɗauko hotonsa a 1959, kuma aka tarar bai yi kama da fuskar da muka saba gani ba. Ƙwayoyin cuta sun yi ta kashe mutane shekaru dubbai kafin Antonie van Leeuwenhoek ya fara hango ƙananan halittu a madubinsa mai ƙara girman abu a shekarun 1670. Waɗanda annoba ta kwashe ba su taɓa ganin abin da ya kashe su ba, ba su ma taɓa tunaninsa ba.

Na uku, hanyoyi mabambanta suna kai mu wuri ɗaya. A farkon ƙarni na 20 akwai manyan masana da ke ganin ƙwayar zarra dabarar lissafi ce kawai. Jean Perrin ya tattaro hanyoyi 13 na ƙirga yawan ƙwayoyin da ke cikin wani ƙayyadadden awo, daga rawar da ƙananan ɓarɓashi ke yi a ruwa har zuwa shuɗin sararin sama, duk suka ba da kusan lamba ɗaya. In shaidu goma sha uku da ba su san juna ba suka faɗi magana ɗaya, mafi sauƙin bayani shi ne abin ya faru.

Sannan ga tsufan duniya. A ƙiyasin masana kimiyya, ƙasa ta kai shekara biliyan 4.5, irin ɗan Adam na yanzu kuwa kimanin shekara 300,000. Wanda ya bi ta hanyar littattafan addini ma zai tarar an halicci sammai da ƙasa kafin Annabi Adamu. Ta kowace ƙofa ka shigo, mun zo mun tarar da ita ne.

Maganar "kimiyya ta tabbatar"

Abokinka yana nufin ilimin kwantam, wato fannin fiziks da ke nazarin ƙananan abubuwa irin su ilektaron, wanda wani ɓangare ne na ƙwayar zarra, da ƙwayar haske. Ni ba masanin fiziks ba ne, falsafar kimiyya na karanta, don haka zan tsaya inda ƙafata ke taka ƙasa.

Gaskiya ne akwai abin mamaki a nan. In aka harba ilektaron ɗaya bayan ɗaya ta wani shinge mai tsaga biyu, suna taruwa a allon baya cikin zane irin na igiyar ruwa da ta ratsa tsagogin biyu a lokaci ɗaya. In aka sa na'urar da za ta gane ta wace tsaga kowanne ya bi, zanen sai ya ɓace. Daga nan aka samo zancen "kallo yana canza abu". Amma kallon da ake nufi shi ne cuɗanyar ƙwayar da na'ura. Ko mutum ya duba sakamakon, ko ya kashe fitila ya tafi gida, zanen ya ɓace. Kalmar ce ta yaudari jama'a.

Albert Einstein bai ji daɗin wannan fanni ba, har ya taɓa tambayar abokin tafiyarsa Abraham Pais ko da gaske ya yarda wata ba ya nan sai an ɗaga kai an kalle shi. A 1964 John Bell ya fito da hanyar da za a gwada wani ɓangare na wannan saɓani a ɗakin bincike. John Clauser ya gwada a 1972, Alain Aspect a 1982, kuma su biyun tare da Anton Zeilinger suka karɓi kyautar Nobel a 2022. Lokacin ne kanun labarai suka cika da cewa an tabbatar duniya ba gaskiya ba ce. Abin da gwaje-gwajen suka nuna ya fi haka ƙunci: ba za ka iya riƙe abu biyu tare ba, wato cewa kowace ƙwaya tana ɗauke da amsar kowane awo tun kafin a auna ta, da kuma cewa babu abin da ke shafar na nesa da shi nan take. Dole ka saki ɗaya. Wanne za a saki, har yau ana gardama. David Bohm a 1952 da Hugh Everett a 1957 kowannensu ya kawo fassarar da ta dace da sakamakon kuma ba ta buƙatar mai kallo ko kaɗan. Eugene Wigner ya taɓa cewa sai hankalin mai lura ya shiga kafin sakamako ya tabbata, daga baya ya janye. Kuma ka tuna, sakamakon gwajin Bell bai zo yadda Einstein ya so ba. Da son rai ne ke ƙaga duniya, da wa ya fi shi cancantar a biya masa buƙata?

Iyakar abin da zan iya ba ka

Akwai abubuwan da lallai sun dogara da mu. Takardar kuɗi tana da daraja ne saboda mutane sun yarda tana da ita. Iyakar ƙasa da ƙasa, da sunayen ranakun mako, duk haka. In mutane suka ƙare, takardar za ta rage, darajar ta tafi. Rabin rikicin da nake gani a aji yana fitowa ne daga cakuɗa irin waɗannan da irin su dutse da wata.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne wanda Immanuel Kant ya kawo a 1781. Ya yarda akwai abu a waje, amma ya ce ba mu taɓa saninsa yadda yake a karan kansa ba, sai yadda ya bayyana bayan ya bi ta ƙirar hankalinmu, har da wuri da lokaci a cikin ƙirar. A ganina ya ɗan wuce gona da iri, domin ƙirar hankalinmu ba ta hana mu gano abubuwan da suka saɓa mata ba, kuma kwantam ɗin nan shi ne babban misali. Amma ban iya nuna maka wurin da zan tsaya in kwatanta saninmu da abin da babu sani a cikinsa ba. Babu wanda ya iya.

Haka kuma in abokinka ya dage ya ce kyandir ɗin da ya ragu, da Neptune, da ma'aunin zafi, da ni mai wannan rubutu, duk a cikin kansa muke, to babu gwajin da zai fitar da shi, domin duk abin da ka kawo zai jefa shi cikin buhu ɗaya. G. E. Moore ya ɗaga hannayensa biyu a gaban taron masana a 1939 ya ce ga hannu ɗaya, ga wani, saboda haka akwai abubuwa a waje. Mutane da yawa sun ga kamar wasa yake, amma abin da yake nufi shi ne ya fi tabbata da hannunsa a kan duk wata magana da mai shakka zai gina hujjarsa a kai. Nan nake ni ma. A wani binciken ra'ayi da aka yi tsakanin malaman falsafa a 2009, aka maimaita a 2020, kimanin kashi 80 cikin 100 sun karkata ga cewa akwai duniya a waje kuma ana iya saninta. Yawan masu ra'ayi ba hujja ba ne, na kawo shi ne don ka san ba a gefe kake ba.

In kun sake haɗuwa, kada ka fara da ce masa shirme yake. Ka ba shi launi da sauti da zafi, ka ce ka yarda ƙwaƙwalwa na da hannu dumu-dumu a cikinsu. Sannan ka tambaye shi abu biyu. Ita ƙwaƙwalwar da ke ƙaga komai, a ina take, tunda ita ma tsoka ce a cikin ƙoƙon kai wadda bai taɓa gani ba? Kuma binciken kimiyyar da ya dogara da shi, da na'urorinsa da mutanen da suka yi shi, suna nan a waje ko su ma shi ya ƙaga su? Ka rubuto mini abin da ya ce.